Tsakuwar Ladi

Tun da na dawo daga ƙasar Nijar ba a bar bakina ya huta ba. In na fita sayen sabulu, Maman Ngozi mai shago ta tare ni da irin Hausarta: "Mama, yaya Nijar ɗin? Ka ga raƙumi? Ina kilishi na?" In na zauna a ƙofar gida shan hantsi, Iya Basira ta jawo kujera ta zauna. Matan layinmu na Gada Biyu kowace da tata tambayar, ni kuwa baki ɗaya gare ni, shi ma ya tsufa. Shi ya sa na ce wa matar ɗana, Malama Rabi, ta ɗauko biro ta zauna kusa da ni. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma abin da idona ya gani bai ɓace mini ba. Zan faɗe shi sau ɗaya, daga kai har ƙafa. Wanda ya sake tambaya, a karanta masa.

Sunana Talatu. Mu biyu mahaifiyarmu ta bari a duniya, ni da ƙanwata Ladi. A nan Jos aka haife mu, zamanin da haƙar kuza ke tara mutane daga ko'ina. Cikin waɗanda ta tara akwai Malam Abdu, mutumin Nijar. Shi ya auri Ladi, da aikin kuza ya mutu ya tafi da ita garinsu, wani ƙauye gaba da Ƙonni. Rabona da ita tun kanmu yana baƙi. Sai dai saƙo a bakin Mamman mai albasa, ɗan garinsu da ke kawo kaya kasuwar Farin Gada. Shi ya kawo mini rasuwar Malam Abdu bara, ban samu zuwa ba. Bana kuma ya zo ya durƙusa a tsakar gidana ya ce, "Inna, 'yar'uwarki ba ciwo take ba, amma ta zube. Rijiyar gonarta ta ƙafe, albasarta ta ƙone tun ba ta yi kai ba. Ga jikoki a gabanta, ubansu ya tahi ci-rani shiru."

Na ce, "Yaushe za ka koma?"

Ɗana Garba, kafinta ne a kasuwar Katako, ya ce, "Mama, wannan hanya ba ta tsofaffi ba ce." Na ce masa zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar tawa ce. Ya ga ba zan tankwaru ba, ya saya mini dankalin Turawa da acca na tsaraba, ya raka ni da Mamman tasha.

Da sanyin safiya muka tashi, sanyin Jos kuwa kun san shi. Na sa suwaita biyu, na sa safa, na sa hular ulu ƙarƙashin ɗankwali. Kafin Saminaka na tuɓe suwaita ɗaya. A Zariya na tuɓe ta biyu. A Funtuwa na cire safa da hula na cusa a jaka. Wata 'yar kasuwa mutuniyar Gusau da ke gefena ta dube ni ta ce, "Iya, in muka kai Sakkwato me zai rage?" Motar duk ta kwashe da dariya, har direba.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da muka bar Funtuwa direba ya kashe rediyo, kowa ya yi tsit, don kun ji labarin dajin nan. Masu carbi suka ciro carbi. A gaba akwai wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, ya sunkuyar da kai yana tasa addu'ar a hankali. Da ya gama na ce amin, tunda mota ɗaya muke ciki. Allah ya fisshe mu lafiya. A Gusau mutumin nan ya sayo lemo ya raba wa kowa.

A Sakkwato muka sauka gidan gwaggon Mamman. Mutanen kirki ne, suka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, wai ɗaki ba ya shiguwa. Ni da na saba, na ce a taimake ni da bargo. Matar gidan ta riƙe haɓa ta ce, "Bargo? Mamman, baƙuwar taka lafiya take?" Da safe aka ba mu kunu da ƙosai, muka kama hanyar Illela.

A bakin iyaka aka duba katinmu, na wannan gefe suka duba, na wancan gefe suka duba. Mamman ya ɗora kayana a amalanke. Ashe akwai ƙusa a jikin katakon, tana ta cin buhu ba mu sani ba. Muna tsakiyar tsallakawa buhun ya yage, dankalina ya watse, rabi ya gangara Najeriya, rabi ya shige Nijar ba kati. Na tsaya na rasa inda zan fara. Sai ga wani jandarma, wato ɗan sandansu, ya cire hularsa yana tsince mini a ciki. Ya yi wa abokinsa Faransanci, ya juyo ya yi mini irin Hausarsu: "Inna, wanga dankali na Jos ne? An ce garinku ƙanƙara ka faɗuwa daga sama." Na ce tana faɗowa, har ta farfasa kabeji. Ya girgiza kai ya ce, "Ku aiko muna da ita, mu aiko muku da rana." Na ba shi dankali cikin tafi biyu ya kai wa iyali, da ƙyar ya karɓa.

Da la'asar muka isa. Wata tsohuwa siririya ta fito daga zaure tana kare rana da hannu. Na ce a raina wannan uwar mijin wani ce. Sai ta ce, "Yaya!" Muryar mahaifiyarmu ce sak. Abin da ya biyo baya ba na biro ba ne. Mun yi kuka, mun yi gaisuwar Malam Abdu, mun sake yin kuka.

Abincinsu ya ba ni mamaki. Mu fura abin sha ce, su kuwa ita ce abincin rana, a dama ƙwarya guda kowa ya sha ya tashi. Da yamma tuwon gero, ko zogale da ƙuli da suke ce wa kopto. Kwana biyu na haƙura, rana ta uku na ce Ladi ta ba ni tukunya. Na dafa mata gwaten acca da yakuwa da gauta, irin wanda muka tashi da shi. Ta kai ludayi ɗaya baki ta ajiye, ta juya wa jikokinta baya. Yaran kuwa suka ɗanɗana suka yamutsa fuska, wai kunu ne aka zuba wa miya.

Washegari ta kai ni gona. Can sama da garin akwai madatsar ruwa, an jawo hanyar ruwa ta siminti daga cikinta. Duk inda hanyar ta bi albasa ce kore shar, har ido ya gaji. Sai ka iso wata kwalbati, nan siminti ya ƙare, nan kore ya ƙare. Daga nan zuwa ƙasa sai jar ƙasa da busassun kunyoyi. A can gonar Ladi take. Na leƙa rijiyar da Malam Abdu ya haƙa da hannunsa, na jefa dutse, ƙura ce ta amsa.

A bakin rijiyar ta zaunar da ni ta warware mini zancen. Ta ce da can ruwan madatsa na wanda ya fi kusa ne. Sai rigima ta yi yawa, hukuma ta ce ba za ta ƙara gyara ko taku ɗaya na hanyar ba sai manoma sun haɗu sun kafa yankin ban-ruwa nasu na kansu, mai iyaka da shugabanni. Masu gona suka dangwala yatsa suka kai buƙata birni. Ma'aikatan gona suka zo da igiyar awo suka zagaya. Aka yi taro a ƙofar maigari, aka ce mai ƙorafi ya tashi ya faɗa. A nan kan mutane ya rabu. Na sama suka ce iyakar yanki ta tsaya a kwalbati. Na ƙasa suka ce a zarce da ita har gonakinsu, a haƙa sabuwar hanya, kowa ya samu ranarsa ta ruwa. Maigari ya ƙi yanke hukunci, ma'aikata ma suka ƙi. Suka ce masu gona za su yanke da kansu ranar zaɓe. Mai gona ɗaya murya ɗaya, ko gonarsa ta kai daga nan zuwa Bukuru, ko faɗin tabarma ce. Ba aike, ba wakili. Mai gona da kansa zai zo ya tsaya a layi, a ƙirga kawuna. Abin da aka yanke kuma ya zauna ke nan, ba a sake tayar da shi sai bayan shekaru.

Na jinjina wannan abu. Na yi shekaru ina lambu a bakin ramin kuza da ruwa ya cika, ni da Birom da Ngas da Hausawa, kafaɗa da kafaɗa. Ba wanda ya taɓa tambayarmu ra'ayi. Mai babban inji ya zuƙe ya bar wa mai bokiti laka, a yi cacar baki, gobe a gaisa. Na ce, "Ladi, ai ku kun ci gaba. Sai ki je ki tsaya a layinku."

Ta ce, "Yaya, ba ni zuwa."

"Saboda me?"

Ta sunkuyar da kai tana tonon ƙasa da tsinke. "Mai gidan yarinyar nan shi ne gaban layin na sama."

Yarinyar nan ita ce Hadiza, 'yarta ta fari, wadda ba ta taɓa kiran sunanta ba. Mai gidanta kuwa Isiyaka, surukin Ladi, manomin albasa da gonarsa ke manne da madatsa.

Da yammacin ranar ya zo gaishe ni. Ban gan shi ba, sai takalma na hango an tuɓe tun daga bakin zaure, sannan na ji murya a bayan zana, ƙasa-ƙasa: "Inna, an zo lahiya? Ya hanya? Ya mutanen Jos?" Ni kuwa na ce, "Kai, shigo mana in ga fuskarka!" Ladi ta mintsine ni a cinya har yau wurin yana tuna mini. A Jos mijin 'yata shigowa yake ɗakina ya zauna a kujera, ya ci abinci, har ya ce gishiri ya yi kaɗan. A can kuwa Ladi ta ce tun da aka ɗaura auren ba su taɓa haɗa ido da Isiyaka ba. In ya hango ta a hanya sai ya ratse cikin gero. Ya gama gaisuwarsa ya ajiye zabbi biyu a bakin zana ya tafi.

Hadiza ta zo da safe da goyonta. Na tsare ta na ce, "Ke, mijinki mugu ne? Uwarki na ƙishi yana tare ruwa?"

Idonta ya kawo ruwa. "Inna Babba, wallahi ba mugunta ba ce. Shi ya san madatsar nan tun yana yaro. Ya ce in bazara ta yi nisa ruwan ja da baya yake, in aka raba shi har ƙasa tsoro yake kowa ya tashi a tutar babu, na sama da na ƙasa. Ya ce Inna ta bar wahalar gona, ya gina mata ɗaki a gidanmu, ita da yara, ya ciyar da su har ƙarshen rai."

Ladi tana tankaɗe a gefe, ba ta ɗago ba ta ce, "Abin da nike gudu ke nan."

Na gane. In ruwa bai iso gonar nan ba, Ladi za ta bar ƙasar da mijinta ya bar mata, ta koma cin tuwon surukin da ba ta iya haɗa ido da shi. Ga kuma kunyar da ta hana ta zuwa neman ruwan. Na ce wannan ba zai yiwu ina raye ba. Kwana da kwanaki ina yi mata magana. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira sunan mahaifiyarmu. Shugaban na ƙasa, wani dattijo mai ido ɗaya da ake kira Baba Arzika, shi ma ya zo ya kira ta da sunan da suke ce mata a can, ya ce, "Ta-Jos, mu da su kusan kai ɗaya muke. In kika zauna gida, kin kashe mu." Duk da haka ta ƙi.

Ranar zaɓe da hantsi na ɗauko mayafinta na yafa mata da hannuna. Na ce, "Tashi. Ni ce babba." Ta dube ni, ta tashi. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Ni a ranar gani nake na fi kowa ido.

A filin makaranta aka taru, su lakwal suke ce mata. Maigari yana zaune a inuwa, ma'aikacin gona na gefensa. Layi biyu suka miƙe a rana, suna fuskantar juna, ana ta jifan juna da magana. Wani daga na sama ya ce, "Arzika, da ido guda za ka ƙirga mutanenka?" Baba Arzika ya ce, "Shi ya ga ubanka yana satar ruwa, bai kuwa yi kuskure ba!" Aka yi dariya har da na saman. A gaban layinsu ga wani dogon mutum baƙi mai farar riga. Ladi ta matse hannuna, na san shi ne.

Muka ratsa fili. Surutu ya fara mutuwa daga baya zuwa gaba. Ladi ta je ta tsaya a layin na ƙasa, ta ja mayafi har hanci, ni ina gefe. Isiyaka ya juyo ya ga abin da mutane ke kallo.

Ban manta ba. Ya sunkuya ya tuɓe takalmansa. Ya durƙusa a cikin ƙurar nan da farar rigarsa, a gaban maigari, a gaban kowa, kansa a ƙasa. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe da takalma a hannu, ya ja da baya, ya zagaya bayan ajin makaranta. Ƙannensa suka tuɓe nasu suka bi shi. Abokansa da suka yi masa rakiyar aure, su ma surukarsu ce, suka bi. Kafin ka ce me, layin na sama ya zama kamar haƙoran tsohuwa.

Na ƙasa suka ɗau ihu: "A ƙirga! A ƙirga!" Ma'aikacin gona ya miƙe ya ce shi dai abin da aka ce masa, wanda ke tsaye shi ake ƙirgawa. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, zuciyata fari ƙal. Na ce ashe kunyar da muke tsoro ita za ta kawo mana ruwa.

Sai Ladi ta sauke mayafi daga hanci. Ta fita daga layi. Matar da ba a jin muryarta a tsakar gidanta ta je gaban Baba Arzika ta ce, "Malam, in aka ƙirga haka, ruwan ga ba ya shiga gonata. Da hannuna zan toshe shi."

Ya ce, "Ta-Jos, kin san abin da kike faɗi? Ga ruwa a bakinmu!"

Ta ce, "Na kori mutum daga fili gaban jama'a. Ban zo don haka ba."

Fili ya rikice. Wasu na ƙasa suka hau ta da faɗa, wani ya ce dama mace ba ta san ciwon kanta ba. Na juya na ce masa ya maimaita in ji. Bai maimaita ba. Maigari ya ɗaga sanda aka yi shiru, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an ci zaɓe da suruka ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Amma in an sake jera layi, abin da ya faru shi zai sake faruwa.

Akwai wata mai tallan fura a gindin bishiya, tsohuwa ce kamata, tun safe take kallonsu. Ta ce, "Ku maza kun cika wahalar da kai. Abin kunya duk duniya ba bayan zana aka yin shi ba?" Aka fashe da dariya, har maigari ya rufe baki da rawani. Da dariyar ta lafa, sai aka ga maganar tata ita ce magana. Ma'aikacin ya ce shi bai ga abin da ya hana ba, in ɓangare biyu sun yarda. Aka aika bayan aji aka tambayi Isiyaka, ya ce ya yarda.

Aka kafa zana a kusurwar fili. Aka kawo tulu biyu, aka shafa wa ɗaya farar ƙasa, na masu son ruwa ya zarce, aka shafa wa ɗaya gawayi, na masu son ya tsaya a kwalbati. Wani ya ce ai tsakuwa ko'ina akwai ta, mutum zai iya cika aljihu ya shiga. Sai aka tsinto tsakuwa daidai yawan masu gona aka rina da shuni, maigari ya riƙe a hularsa. Wani kuma ya ce kunne zai gane tulun da aka jefa. Aka zuba yashi a gindin kowanne. Na ce a raina, mutanen nan sun san halin junansu.

Bayan azahar aka fara. A kira mutum, ya karɓi tsakuwarsa, ya shiga, ya fito hannu sake. Da aka zo kan Ladi, Isiyaka yana bayan aji. Da aka zo kansa, mu muna bayan bishiya mun juya baya. Ladi ta daɗe a bayan zanar nan, har na fara tunanin ko jiri ya ɗebe ta. Ta fito ba ta dubi kowa ba.

Aka shimfiɗa tabarma aka juye tuluna, aka jera tsakuwa biyu-biyu, ta farin tulu da ta baƙin, kowa yana gani. Jerin gawayi ya ƙare, na farar ƙasa ya rage 'yan kaɗan, ba su cika tafin hannu ba. Ruwa zai zarce. Baba Arzika ya zauna a ƙasa daɓas yana share idonsa mai gani. Na sama suka yi jugum, don da safe kowa ya ga layinsu ya ɗan fi tsawo. Suka shiga kallon juna, ba mai iya cewa wane ne.

Ba a tashi ba sai da aka zaɓi shugabanni, da tulunan nan dai. Aka ba Baba Arzika shugabanci. Da aka zo kan mai rabon ruwa, wanda zai riƙe makullin ƙofar madatsa ya tsara ranar kowa, Baba Arzika da kansa ya ce a sa sunan Isiyaka. Mutanensa suka yi gunaguni. Ya ce, "Wanda ke tsoron ƙarewar hatsi shi aka ba makullin rumbu." Isiyaka ya ci. Aka kuma yanke cewa kowa zai rage faɗin albasarsa in ruwa ya ja baya, na sama da na ƙasa, kuma kowane gida zai ba da mutum ranar haƙa.

Na so in juyo a makon, Ladi ta ce ban isa ba. Na zauna har aka haƙa hanyar. Gayya aka yi, da ganga da fura. Isiyaka ne a gaba da shebur, mutumin da ya ce kada a haƙa. Da aikin ya iso kusa da gonar Ladi sai ya aiko Hadiza ta ce Inna ta yi haƙuri ta zauna gida kwana biyu, don ya samu ya yi aiki tsaye.

Ana gobe zan taho aka saki ruwan gwaji. Muka tafi gona mu biyu da sassafe. Mun daɗe muna jira. Can sai ga shi yana tafe a hankali, ja, yana tura kara da kashin awaki a gabansa, ƙasa tana shanye rabinsa. Ya iso bakin kunyar farko ya tsaya kamar mai sallama, sannan ya shiga. Ladi ta tsuguna ta sa hannu a ciki har wuyan hannu.

Na ce, "To, kin gani? Da na bar ki a ɗaki fa? Tsakuwarki tana cikin waɗanda suka kawo shi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaya, in faɗa miki magana, kada ki yi faɗa."

"Ina ji."

"Ni a tulun gawayi na jefa."

Na ce, "Ladi! A bayan zana? Ba mai ganinki? Kika jefa wa tulun da zai hana ki ruwa, ya kai ki cin tuwon suruki?"

Ta ce, "Na miƙa hannu ga farin har sau nawa, ya ƙi sakin ta."

"To da an faɗi fa? Da kin kashe kanki, kin kashe Arzika da mutanensa!"

"Na sani. Tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Ruwa yana ta shiga, ya cika kunya ta farko ya tsallaka ta biyu. Ta ɗebo shi a tafi ta shafa a fuska, sannan ta dube ni da idon nan nata da ya faɗa.

Ta ce, "Mutum ya tuɓe takalmi ya durƙusa cikin ƙura saboda ni, gaban garinsu duka. Yaya, da wane hannu zan jefe shi?"